Ranar Sallama: Nazari a Kan Al'adar Ubangida da Yaro a Potiskum

A Potiskum, idan mai mota zai ɗauki direba, ba lasin yake fara tambaya ba. Abin da yake so ya sani shi ne, "A hannun wa ka koya?" In ka ambaci mutumin da aka sani da iya riƙon mota da riƙon amana, rabin magana ta ƙare. Haka abin yake a gareji, haka a kara wajen dillalan shanu, haka a rumfunan hatsi. Yawancin waɗanda ke zaune kan benci yau suna ba da umarni a waɗannan wurare, an yi lokacin da su ake aika sayo shayi. Wannan tsani na yaro da ubangida shi ne babbar makarantar sana'a a garin, kuma ya fitar da mutane da yawa daga talauci. Don haka ya cancanci a dube shi da idon basira, a faɗi amfaninsa, a kuma taɓa inda yake ciwo.

Zaman garin ne ya haifi sana'o'in. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi, ga wadda ta taso daga Jos da Bauchi, ga ta Gombe, ga ta Gashuwa. Tun da fadar Fika ta dawo nan a 1924 jama'a ke ƙaruwa, Bolawa da Ngizimawa da Karekare, ga Fulani da Barebari da Hausawa, kuma Hausa ce harshen ciniki a tsakaninsu. Kasuwar shanun da ke ci ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, dabbobi na shigo mata har daga Nijar da Chadi. Da yake an daina kora shanu Kudu da ƙafa, sai tirela ta gaji aikin, garin ya yi suna da manyan motoci. A Yindiski, kamar a Dogo Nini ko Dogo Tebo, ba abin mamaki ba ne ka shiga gida a ce maka ɗansu "yana bin mota".

Bin mota kuwa ba wasa ba ne. Yaron mota shi ke riga kowa tashi. Ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraren wadda iskarta ta ragu, ya wanke gilashi, ya kai wa direba ruwan alwala. Ranar lodi yana cikin masu zuba yashi a bodi don kada kofato ya zame, yana cikin masu ɗaure ƙahoni a jikin ƙarfe. In mota ta kama hanyar Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, direba na gaba, shi sau da yawa yana sama, iska da raɓa na dukansa, idonsa na kan shanu, domin in saniya ta kwanta ba a tashe ta da wuri ba 'yan uwanta za su tattake ta, asara ta hau kan kowa. A kan hawa, in mota ta tsaya, shi ke dirowa da gudu ya cusa katako ƙarƙashin taya kafin ta fara ja da baya. In ta lalace a daji, direba ya tafi gari neman kayan gyara, shi ake bari ya kwana da ita, wani lokaci kwanaki, da ɗan garin kwaki a leda. Sitiyari kuwa, ba ranar da za a zaunar da shi a ce yau darasi. Da ido yake koya, yana satar kallon ƙafar direba da hannunsa a kan giya. Wata rana a tasha a ce, "Kai, gyara mata tsayuwa." Daga nan ake farawa.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da waƙar karen mota ya fara fice, kuma ba banza ba. Ya ɗauko mutumin da kowa ke gani amma ba wanda ya damu da shi, ya sa shi a bakin duniya da kuntuginsa. Waƙar ta samu karɓuwa saboda mutane sun san abin da ake faɗa, sun ga dattin rigar, sun ji tsawar da ake daka wa mai ita.

Me ya sa iyaye ke miƙa 'ya'yansu ga wannan wuya? Saboda a zahiri tana biya, ko aƙalla tana iya biya. Yaron da ba shi da jari, ba shi da takarda, ba shi da kowa a gwamnati, yana da abu biyu da zai iya sakawa, ƙarfinsa da amanarsa, kuma wannan tsari yana karɓar su a matsayin jari. Ubangida na ƙwarai yana ciyar da yaro, ya yi masa kayan salla, ya biya masa magani, in lokaci ya yi ya nema masa lasin, ya tsaya masa a aure har da sadaki. Bature mai bincike Abner Cohen, da ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da irin wannan a cinikin shanu da goro: maigida ne ke ba da masauki, shi ke tsaya wa bashi, dillalansa da yaransa kuma a inuwarsa suke girma. Littafinsa na 1969 ya nuna cewa dukiya mai yawa tana yawo tsakanin Arewa da Kudu ba tare da banki ko lauya ba, sai sanin juna kawai.

An kuma gwada ƙarfin wannan igiya a shekarun tashin hankali. Ranar Laraba 2 ga Mayu 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun Potiskum, suka kashe mutum fiye da 30, suka cinna mata wuta. A Mayu 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya. A Yuli na shekarar aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo, a Nuwamba 2014 bam ya tashi a taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum ya hallaka fiye da 40. Iyaye da yawa suka ji tsoron makaranta, marayu suka yi yawa. Gareji da tasha da kara su suka kwashe da yawa daga cikin yaran nan. Kasuwa ta sake tashi, motoci ba su daina fita ba ko da shingayen bincike suka mai da tafiyar yini ɗaya ta kwana biyu. Wanda zai soki al'adar nan dole ya fara da yarda cewa ta riƙe mutane a lokacin da abubuwa da yawa suka sake su.

To amma akwai tambayar da ba a son yaro ya yi: yaushe zan gama?

Dubi yadda ake ƙulla abin. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi ƙofar gidan Alhaji bayan sallar asuba. "Alhaji, ga ɗanka nan, na ba ka amana. In ya yi ba daidai ba ka hukunta shi." Alhaji ya ce, "Ba komai Malam, Allah ya ba mu ikon riƙewa." A shafa fatiha, a watse. Ba a ambaci shekaru ba, ba a ambaci abin da zai riƙa samu ba, ba a ce ga abin da za a sallame shi da shi ba. Kunya ta hana, domin a ganinmu tambayar irin wannan tamkar zargi ce. Daga ranar nan makomar yaro ta rataya a kan halin mutum ɗaya. In Allah ya haɗa shi da mai tausayi, cikin 'yan shekaru a damƙa masa makulli, a kira abokan sana'a a yi addu'a, a ce wane ya kama tasa. In kuwa ya faɗa hannun mai son kai, ƙwazonsa ne zai zame masa mari, domin yaron da ya fi iya aiki shi ne wanda maigida ya fi ƙin rabuwa da shi. Za ka ga magidanci da furfura ta fara fito masa, da 'ya'ya a makaranta, har yanzu "yaron Alhaji" ne. In ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar nan tawa fa," amsar ba ta wuce, "Ka ƙara haƙuri, bari kasuwa ta gyaru." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuma Alhaji ya rasu kafin alkawari ya cika, magada ba su san da zancen ba, kuma ba takardar da za a nuna wa alƙali.

Nan ne nake da ja da yadda muke ba da labarin masu arziki. Kullum cewa muke, wane ya sha wuya, ya yi haƙuri, ya yi naci, Allah ya buɗa masa. Gaskiya ne, amma guntuwar gaskiya. Muna tsallake ranar da wani ya sakar masa mara, ya ba shi jari ko ya tsaya masa. Ko Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877 ya tashi maraya, ba ƙwazo kaɗai ya kai shi inda ya kai ba. Ya fito daga cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, ya san hanya, an san shi, kuma yana cin gashin kansa lokacin da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, shi ya sa ribar guminsa ta shiga aljihunsa. A kowane wanda ya fito, akwai da yawa da suka sha wuya daidai da tasa ba su fito ba, kuma ba lalaci ya hana su ba.

Tarihi ma yana da abin da zai faɗa mana, ko da yake mai ɗaci ne. A zamanin bauta a ƙasar Hausa akwai murgu, inda bawa ke fita ya yi sana'arsa ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu sananne, ragowar tasa ce. Akwai kuma fansar kai, inda ake yanka kuɗi, bawa ya tara da kaɗan-kaɗan har ya biya ya zama ɗa. Turawan mulkin mallaka sun bi ta wannan hanya: suka ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, suka bar sauran su fanshi kansu ta kotunan alƙalai, sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ba ina kwatanta yaron mota da bawa ba ne, Allah ya sawwaƙe; yaro yana iya ajiye aiki ya tafi gobe. Abin da ya dame ni shi ne, har a cikin wancan mugun tsari an gane cewa mutum ya fi zage damtse in ya san adadin da ke tsakaninsa da 'yancinsa. Mu da muke 'ya'ya muka bar wannan adadi a duhu.

Kuma ba za mu fake da addini ba. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta yi bayanin ijara, kuma sharaɗinta a san wa'adi, a san lada. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. 'Yan kasuwar Ibo da muke gani da shagunan kayan gyaran mota a garuruwanmu, in za su ɗauki yaro, iyaye na zama a yanka shekaru, a ƙarshe a ba shi jari ya buɗe nasa. Su ma ana samun masu saɓa alkawari, amma aƙalla akwai alkawarin da za a ce an saɓa.

Iyayen gida su ma suna da kukansu, kuma ba ƙarya suke ba. Akwai yaran da ke zuƙe man mota su sayar a hanya, akwai masu ɗora fasinja a saman kaya ba da sanin mai mota ba, akwai waɗanda ƙwayar hana barci ta lalata, akwai wanda za ka raina shekara da shekaru ya tafi da abokan cinikinka ko sallama babu. Ga tsadar gas da taya, ga na goro a kowane shinge. Mai mota ɗaya da ke fama da kansa, da me zai sallami wani? Sai dai wasu daga cikin waɗannan halaye rashin wa'adin ne ke haifar da su. Wanda ya fid da rai za a ba shi, shi ke fara ɗiban rabonsa da hannunsa.

Matasan yanzu sun riga sun ba da amsa da ƙafafunsu. Tun da aka hana hawa babur a shekarun rikici Keke Napep ta cika titunan Potiskum, kuma yara da yawa sun gwammace ta a kan bin mota ko zaman gareji. Dattawa na cewa gaggawa ce da son kuɗin yau-yau. Da wannan a ciki. Amma a duba yarjejeniyar: za ka riƙa kawo balas kaza kullum, in kuɗi ya cika keke ta zama taka. Jimillar abin da yaro ke biya takan zarce farashin keken nesa ba kusa ba, ya sani, amma ya yarda, domin yana iya ƙirga kwanakinsa. Asarar a nan ta gari ce, don sana'o'in da ke buƙatar shekaru kafin a ƙware, irin su gyaran inji da tuƙin babbar mota da sanin dabba da ido, suna rasa masu gado.

Gyaran ba ya buƙatar doka daga Damaturu ko Abuja. Ƙungiyar direbobi da ta masu motoci da shugabannin kara suna da ikon da ya isa, tunda su ke sasanta rigimar lodi da ta la'ada kullum. Su buɗe littafi: sunan yaro, ranar da aka kawo shi, shekarun da aka yanka, abin da za a sallame shi da shi, shaidu biyu. Masu unguwanni da limamai su riƙa zama shaida kamar yadda suke yi a ɗaurin aure. Kai kuma Malam, da za ka kama hannun ɗanka gobe da asuba ka kai shi gidan Alhaji, ka cire kunya ka tambaya shekara nawa, kuma a rubuta kafin a shafa fatiha.