Mun Kwaso Rawa, Mun Bar Manomiya

Masu sukar finafinan Hausa suna cewa kwaikwayon Indiya ne kurum. Ban musa ba, amma ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suka riƙa cika silimar Plaza da Palace a Kano su ne suka girma suka riƙe kyamara, tun daga Turmin Danya a 1990.

Kukana shi ne abin da suka zaɓa. Mother India na 1957, wanda suka sha kallo, labarin manomiya ne wadda mai ba da bashi da ruwa ya cinye amfanin gonarta. Ashe babu irinta a ƙauyukanmu? Sai aka kwaso rawa da waƙa, aka bar ta a gona. 'Yan'uwa ɗalibai, gyara yana wuyanmu.