Mu daina tauna wa yara misalan Yesu

Kwanakin baya na kwana a gidan wani ɗan'uwana a Kaduna. Bayan an ci tuwon dare ya kira iyalinsa sujada, na kuwa ji daɗi, don gidajen da ke riƙe da wannan al'ada sun ragu. Muka zauna a falo. Ya ciro wayarsa, ya jingina ta da gorar ruwa a kan tebur, ya kunna wani ɗan fim na zane da Turanci a kan Basamariye mai kirki. Minti huɗu aka gama. Wata murya mai zaƙi ta faɗi darasin, yara uku suka maimaita shi baki ɗaya, uban ya yi addu'a, aka ce amin, kowa ya nufi makwancinsa. Babu wanda ya yi tambaya ko ɗaya. Littafi Mai Tsarki yana kan kanta, ba a ko sauko da shi ba.

Ban ga laifin ɗan'uwana ba. Tun asuba ya fita, a gajiye ya dawo, ya kuma fi wanda yake barin 'ya'yansa su kwanta ba addu'a. Abin dai ya tsaya mini a rai ne saboda ba gidansa kaɗai ba ne. Yayi ne yanzu. Bidiyo yana zuwa ta WhatsApp, saƙon safe yana zuwa daga wannan zaure zuwa wancan, kowanne da darasinsa ɗaure a wutsiya. Har gidajen da ake buɗe Littafin sun ɗauki salon: a karanta ayoyi goma a guje, uba ya ce darasinmu na yau shi ne kaza, a rufe.

Ni a ganina wannan gaggawar tana kashe misali tun bai yi aikinsa ba. Duba yadda Ubangiji Yesu da kansa ya yi a Luka sura 10. Wani masanin Attaura ya tambaye shi wane ne maƙwabcinsa. Yesu ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, firist ya wuce, Balawe ya wuce, Basamariye ya tsaya. Da ya gama sai ya mayar masa da tambayar, ya bar shi ya fitar da amsar da bakinsa. Mutumin ma bai iya furta kalmar Basamariye ba, kewayawa ya yi. A Luka 15 kuwa labarin ɓataccen ɗa ya ƙare uban yana tsaye a waje yana rarrashin babban wan, ba a faɗa mana ko ya shiga bikin ba. A Markus 4 sai da jama'a suka watse almajirai suka zo suna tambayar ma'anar misalin mai shuka. Labarin ya bi su ke nan, ya hana su sukuni.

Haka aka yi mana muna yara, a wani ƙauye da ke ƙasar Zazzau. Mahaifinmu yana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin fassarar nan ta 1932 da su Likita Mila na Wusasa suka sha wahala a kanta. Bangon ya saɓule, Inna ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ajiye fitilar ƙwai a kan turmin da aka kife, mu rera waƙa ɗaya, Baba ya karanta yana bin layi da ɗan yatsa. Wani dare a farkon damina ya karanta mana misalin mai shuka. Yayata, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce, "Baba, wannan manomin bai iya shuka ba. Wa yake zubar da iri a kan hanya?" Tana da gaskiyarta, don mu abin da muka sani shi ne a sara rami da sungumi, a jefa iri, a take da diddige. Baba ya dube ta, ya ce, "To, ki kwana da shi." Bai ƙara komai ba.

Bayan 'yan makonni ya kai mu gonar wani maƙwabcinmu da ke yafa acca. Muka tsaya muna kallon hannun mutumin yana watsa iri hagu da dama, wani ya faɗa kan turba, tsuntsaye suna binsa a baya. Baba ya taɓa kafaɗar yayata, ya nuna mata da haɓa. Yau shekaru sun ja, na manta wa'azi da yawa da na ji a majami'u manya, amma hannun nan mai watsa iri ba tare da rowa ba yana nan a idona duk lokacin da na yi tunanin alherin Allah.

Na san abin da za a ce. Iyaye da yawa ba su yi makarantar Baibul ba, suna tsoron kada yaro ya yi tambayar da ba su da amsarta, ko ya ɗauki fahimtar da ba daidai ba ya tafi da ita. Tsoron yana da tushe, ba na raina shi. Akwai fasto, akwai malaman makarantar Lahadi, akwai littattafan ibadar kullum irin su Abincin Yini, duk suna da amfani. Sai dai uba ko uwa su ce wa yaro, "Ni ma ban sani ba, bari mu sake karantawa gobe," ba faɗuwa ba ce. Yaron da ya ga mahaifinsa yana kokawa da Maganar Allah ya koyi cewa abin na manya ne kuma na gaske.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi ci mini rai. Yaran da ke kallon waɗannan finafinai da Turanci suna jin labarin kamar aikin makaranta. Da Hausa kuwa tunkiyar da ta ɓata irin tunkiyar kakarsu ce, macen da ke share ɗaki da fitila tana neman kuɗinta kamar Innarsu take. Fim ɗin nan da na gani bai ma nuna cewa Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji da juna ba, alhali nan ne ƙashin bayan labarin. A gari irin Kaduna, inda tun rikicin shekarar 2000 mutane suka rarrabu unguwa-unguwa bisa addini, yaro yana bukatar a tambaye shi a hankali: da a garinmu abin ya faru, kai ne kwance a bakin titi, wa kake ganin zai tsaya? In ya yi shiru, a bar shi da shirunsa. In ya ambaci maƙwabcin da aka saba yi masa kallon nesa, a saurare shi. Babu bidiyon da aka yi a wata ƙasa da zai yi wa yaranmu wannan tambayar.

Ban ce a jefar da waya ba. Ni ma a cikinta nake karanta Littafin idan an ɗauke wuta. Abin da nake roƙo shi ne iyaye su karanta da muryarsu, su tsaya inda Yesu ya tsaya, su jure wa ɗan shirun da ke biyo baya.

A makon jiya muka karanta Matiyu sura 20 a gidana, misalin masu ƙwadago a gonar inabi, inda wanda ya fara tun sassafe da wanda ya shigo dab da faɗuwar rana kowa ya karɓi dinari ɗaya. 'Yata mai shekara tara ta ɗaure fuska. Ta ce, "Baba, wannan ba adalci ba ne. Ni in na wanke kwanuka duka, ƙanena ya ɗauraye cokali ɗaya, ai ba za ka ba mu lada iri ɗaya ba." Mahaifiyarta ta buɗe baki za ta yi mata bayani, na ɗan taɓa hannunta. Na tambayi yarinyar ko mai gonar ya rage wa na farkon wani abu daga abin da suka shirya. Ta ce a'a. Na ce to mene ne ya ɓata musu rai? Ta yi shiru tana murza bakin ɗankwalinta. Muka yi addu'a a haka, ita ce ma ta rufe, muryarta ƙasa-ƙasa.

Washegari da safe ina ɗaura takalmi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kofin kokonta. Ta ce, "Baba, waɗanda suka zo a ƙarshen nan, su ma suna da yara a gida da za su ci abinci, ko?" Na ce mata da daddare za mu sake buɗe wurin. Ta ce ita za ta karanta.