Katako a Kan Dutse: Nazarin Adon Gidan Bakland

A kudu maso yammacin Ingila, cikin yankin Debon, akwai wani gida mai suna Bakland wanda aka kafa a shekarar 1278 don 'yan zuhudun Kirista. Bayan da Sarki Henri na Takwas ya rushe irin waɗannan gidaje, aka sallami mazaunansa a 1539, ginin ya faɗa hannun iyalan Girenbil. Galibin masu sayen irin wannan wuri sukan zauna a ɗakunan 'yan zuhudun, su bar majami'ar ta zube. Shi kuwa Rica Girenbil majami'ar ce da kanta ya mayar gida, ya yanka tsayinta hawa-hawa. Daga baya, a 1581, gidan ya koma hannun matuƙin jirgin ruwan nan Faransis Direk.

Babban zauren gidan, wanda ke ɗauke da shekarar 1576 a saman murhunsa, shi ne inda masassaƙa suka fi nuna gwaninta. Sun lulluɓe bangon da allunan itacen ok mai duhu, suka raba su da siraran ginshiƙai, sannan daga sama suka dasa itatuwa masu hasken launi cikin duhun katakon, suka jera ƙananan siffofi da aka sassaƙa. Masu yabo sukan tsaya ga kyan aikin. A ganina, sai an tambayi aikin da aka ɗora wa katakon kafin a yanke masa hukunci.

An gina majami'a ne don ido ya tafi sama, mutum ya ji ƙanƙantarsa. Katakon Girenbil ya dawo da ido daidai tsayin mutum. Ya tare sanyin dutse, ya shanye amsa-kuwwa, ya mai da wurin addu'a wurin cin abinci da karɓar baƙi. Ta wannan fuska aikin ya yi nasara, domin zauren yana da ɗumi da kwarjini, kuma adon bai yi yawan da zai gundiri mai kallo ba.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Hasumiyar majami'ar tana nan tsaye a tsakiyar rufin, kuma a jikin bango ana ganin sawun bakan gizon da aka toshe. A hawa na sama ma duwatsun tsohon ginin suna leƙowa ta cikin ɗakuna. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin aibi. Ni kuwa a nan nake ganin darajar gidan: da katakon ya rufe komai, da maziyarci ya fita bai san cewa jin daɗin wannan zaure ya samu ne bayan an kori masu ibada daga cikinsa ba.

Don haka duk mai gyaran gini irin wannan, kada ya yarda sha'awar ado ta sa shi toshe ɓarakar da ta rage.