Wa Ake Yi wa Dariya? Sharhi a kan Wani Wasan Moliya

Manufar wannan maƙala ita ce duba jigon asali da arziki a wasan barkwanci na Moliya mai suna Le Bourgeois gentilhomme, wanda aka fara gabatarwa a shekarar 1670 a gaban Sarki Luwi na 14 na Faransa. Na kalle shi wani dare a dandalin wata kwaleji, inda ɗaliban Faransanci suka shirya shi.

Tauraron wasan, Jurdan, attajiri ne ɗan mai sayar da yadi, wanda kwaɗayin shiga sahun masu sarauta ya rufe wa ido. Ya ɗauko malaman kiɗa da rawa da wasan takobi da falsafa domin su goge shi. Ya kuma hana Kileyant auren 'yarsa Lusil, don kawai saurayin ba jinin sarauta ba ne. Sai da Kileyant ya yi shigar ɗan Sarkin Turkiyya, aka yi wa Jurdan naɗin ƙarya, sannan ya amince.

A daren nan, duk inda Jurdan ya motsa sai 'yan kallo su fashe da dariya. To amma a nan ne nake ganin masu shiryawa suka yi tuntuɓe. Sun mai da Jurdan wawa tsantsa, suka bar Dorant a matsayin dattijo mai kamala. Alhali Dorant, wanda ya gaji sarauta, shi ne macucin wasan: yana cin bashin Jurdan ba ya biya, ya kuma miƙa wa Dorimen zoben lu'ulu'un da Jurdan ya saya, tamkar kyautarsa ce. Matar Jurdan da 'yar aikinsu Nikol su ne suka gane shi, amma ba a ba muryarsu ƙarfi a dandali ba.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Idan aka ɓoye halin Dorant, darasin da ɗan kallo zai tafi da shi gida shi ne, kowa ya tsaya inda aka haife shi. Moliya kuwa ya nuna ɓangare biyu: mai kuɗi yana sayen girma, mai asali yana sayar da nasa.

A ƙarshe, shawarata ga malaman da ke shirya wa ɗalibai wasa ita ce, kafin a ɗaga labule su tambayi kansu: wa za a yi wa dariya, wa kuma dariyar za ta rufa wa asiri?