Sharhi kan Binciken Gary Schwartz game da Zance da Matattu

A shekarar 2002 Gary Schwartz, farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Arizona ta Amurka, ya wallafa littafinsa The Afterlife Experiments, inda ya yi da'awar cewa gwaje-gwajensa sun ƙarfafa wanzuwar ruhi bayan mutuwa. Ya tara mashahuran masu iƙirarin zance da matattu, irin su John Edward da George Anderson, ya zaunar da su tare da waɗanda aka yi wa rasuwa, sannan ya ƙididdige labaran da suka dace.

Rauni na farko a manhajin binciken yake. Kamar yadda masani Ray Hyman ya bayyana a raddinsa na 2003, mai makokin ne da kansa ke hukunta abin da ya dace, kuma a gwajin farko mai da'awar yana jin amsoshinsa. Wanda bege ya cika zuciyarsa yakan ɗauki magana gamammiya, kamar harafin farkon suna ko ciwon ƙirji, ya ɗora ta a kan mamacinsa.

Rauni na biyu ya fi girma: ingancin labari ba ya tabbatar da tushensa. Hadisin A'isha (Allah Ya yarda da ita) da Buhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana cewa boka yakan samu kalmar gaskiya guda daga aljani, ya cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Gwajin Schwartz ba shi da ma'aunin da zai bambanta mamaci da shaiɗani ko da ƙwarewar karanta yanayin mutum. Aya ta 100 ta Suratul Mu'minun kuwa ta tabbatar da shamaki tsakanin mamata da duniya har ranar tashi.

Abin gudu shi ne ɗalibi ya kafa hujja da wannan bincike a kan masu inkarin Lahira. Wasu malaman Masar, irin su Ɗanɗawi Jauhari da Muhammad Farid Wajdi, sun taɓa karkata ga hakan, har Muhammad Muhammad Husain ya yi raddi ga wannan aƙida a littafinsa ar-Ruhiyya al-Hadisa. Galibin saƙonnin da ake jingina wa matattu a irin waɗannan zama albishir ne zalla, babu tambayar kabari, babu hisabi. Duk wanda ya karɓe su a matsayin dalili, ya karɓi wata Lahira wadda ba ita Annabawa suka zo da labarinta ba. Al'amarin gaibu daga wahayi ake ɗaukarsa. Allah ne Mafi sani.