Jarumi Ba Takobi: Namijin Littattafan Soyayya da Aikin Gyara

Sa'ad da Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai a Zariya cikin 1933, jarumin da marubutanmu suka sani shi ne mai takobi. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya kara da Nasara, ya kara da aljannu, ba wanda ya tambayi halinsa a cikin gida. Irin wannan jarumi ba shi da wuyar rubutawa, gama duk sa'ad da labari ya yi sanyi sai a kawo masa sabon abokin gaba. Amma tun a zamanin nan aka sami wani namiji dabam cikin Jiki Magayi na John Tafida da East, watau Abubakar, wanda attajiri Malam Shehu ya raba shi da Zainabu. Ya shiga duniya neman maganin ramuwa, ya sha wuyar da ta isa a yi masa kirari, duk da haka abin da ya shuka halaka ce, har ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Ashe taurin zuciya dabam, jarunta dabam.

Bayan fitowar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid cikin 1980, littattafan soyayya suka yi ta ɓullowa, musamman a Kano, har aka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano. To, a nan matsala ta tashi. Labarin da filin dagarsa zaure ne da tsakar gida, da me namiji zai nuna jarunta a cikinsa?

Ado Ahmad Gidan Dabino ya ba da amsa guda cikin In Da So Da Ƙauna, 1991. Muhammad ba shi da dukiya, sai ladabi da haƙuri, abokin takararsa Abdulƙadir kuwa mai kuɗi ne. An zaɓi makamin da ya dace, gama haƙuri na cikin manyan ma'aunan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Sai dai abin da mai karatu ba ya mantawa shi ne faɗawar Sumayya rijiya, watau yarinyar ce ta sa ranta a kan magana, saurayin kuwa ya jure abin da ya same shi. Haƙurin da ba a ga abin da mai shi ya iya yi ya bari ba, kusa yake da rashin dabara.

Balaraba Ramat Yakubu ta bi ta bayan gida. Cikin Alhaki Kuykuyo Ne, 1990, ta auna Alhaji Abdu da kuɗin cefane, da yadda ya kori Rabi da 'ya'yanta 9 saboda amarya. Ba jarumi ba ne ko kaɗan, amma ya fi jarumai da yawa rai, domin an nuna shi da aikinsa, ba a yabe shi ko a zage shi da bakin marubuciya kaɗai ba.

Amsa ta uku ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi rauni. Sai a buɗe littafi a tarar da saurayi dogo, fari, miskili, ya yi karatu a Ingila, motocinsa ba su ƙirguwa. A ɓata shafi 3 kan shaddarsa da turarensa. In ya daka wa yarinya tsawa ko ya wulaƙanta ta, a ce kwarjini ne. Wannan jarumin kaya ne, in an tuɓe masa kayan ba sauran kowa a ciki. Abin tsoro kuwa, 'yan mata da samari suna koyon fasalin miji daga gare shi.

Dalilin wannan ba rashin basira ba ne, rashin gyara ne. Littattafan 1934 sun bi ta hannun mai dubawa kafin a buga. Marubucin Kano kuwa shi ya rubuta, shi ya biya maɗaba'a, shi ya kai kasuwa. Yanzu da ake sakin labari babi babi ta WhatsApp da Wattpad, masu karatu na jiran na gobe, babin farko ya riga ya fita tun marubuci bai san ƙarshen jaruminsa ba.

Wanda ya taɓa tsayawa karar Wudil ran Juma'a ya san mai sayen sa ba ya ruɗuwa da ƙaho, sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Haka ya kamata marubuci ya yi wa jaruminsa sa'ad da ya koma kan rubutu karo na biyu. Ya tambayi kansa abu 3. In an raba mutumin nan da dukiya da kyau, me ya rage da za a so shi dominsa? A wane shafi ne ya yi zaɓin da ya jawo masa hasara? Wane aibi gare shi wanda labarin ya yarda aibi ne? Duk yabon da ba aikin da ya tabbatar da shi, a soke shi.

Ba kuwa sai an je nesa neman jarumi ba. A ɗauki dillali a wannan kara, wanda Bafillace ya bar wa amanar kuɗin shanu, ga iyayen yarinya sun yanka masa wa'adin kawo kayan aure, ga mai kuɗi na jira a gefe. In ya taɓa amana ya sami mata, in ya tsare ta ya rasa. Daren nan guda ya fi yaƙin Ganɗoki wuyar rubutawa, ya kuma fi shi kama zuciya.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne ke da damar shuka wannan. Maimakon hana ɗalibai littattafan, alhali suna karanta su a ɓoye, a kawo babi guda aji, a sa su ja layi ƙarƙashin abin da jarumi ya aikata, su ware shi daga abin da aka faɗa a kansa, sa'an nan su sake rubuta babin. Hausawa sun ce namiji barkono ne, sai an tauna a kan san yajinsa. Aikin mai gyara shi ne ya tabbata an tauna.