Ƙamusun Bargery, Rumbun Karuruwan Hausa

Tun 1934 aka buga ƙamusun G. P. Bargery a maɗaba'ar Jami'ar Oxford, amma har yau idan malaman Hausa suka yi musu a kan wata tsohuwar kalma, shi ake ɗaukowa ya raba gardama. Marubucin ya shigo ƙasar Hausa a 1900 a matsayin ɗan mishan, daga baya ya koma aikin ilimi na gwamnati, ya shafe shekara da shekaru yana tattara kalmomi daga bakin masu harshen. Abin da ya tara ya kai kimanin kalma 39,000, a shafi fiye da 1,200.

Ba yawan ne ya fi burge ni ba, adalcinsa ne ga kare-karen harshe. Duk da cewa Kananci ne ginshiƙin aikin, bai ɗauki Hausar sauran garuruwa a matsayin kuskure ba. Sai ya kawo kalma ya sa mata alamar garinta: wannan ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina, ga ta Zazzau, ga ta Daura, ga ta Gobir. Basakkwacen da ke cewa yuƙa maimakon wuƙa, ko ɗiya maimakon 'ya, zai ga ba a mayar da shi saniyar ware ba. Wanda kuwa ya buɗe kalmar ƙato zai tarar da dogon jerin kalmomin girma, irin waɗanda Bahaushe ke cika baki da su in abu ya ba shi mamaki. Mai ƙamus mai haƙuri ne kaɗai zai tsaya tsince su, kuma da yawansu yanzu sai a bakin tsofaffi.

Ta fuskar asali, ya fi ƙarfi wajen nuna kalmomin da aka aro daga Larabci da Ingilishi. Bin sawun irin su kasuwa, wadda ta biyo ta Barebari, ko takarda, wadda Buzaye suka kawo, masanan da suka biyo bayansa ne suka zurfafa shi, musamman Neil Skinner a ƙamusunsa na kwatancen harsuna na 1996. Skinner ɗin ne ma ya yi wa Bargery ƙarin kalmomi a bugun Zariya na 1993.

Cikas ɗin da ba ya ɓoyuwa shi ne bayanin ma'ana da Ingilishi yake, don Turawan mulki aka fara shirya shi. Sai a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da nata ƙamusun mai bayanin Hausa da Hausa. Sarar 'yan tasha da ta samarin Kano ta yau kuwa, ba laifinsa ba ne da babu ita.